Wa zai ɗauki kayan? Fashin baƙi kan inda JavaScript ya dosa a shafukan intanet

Ka buɗe shafi a waya. Rubutu ya fito, hotuna sun fito, ga maɓallin nan ɓaro-ɓaro yana kallonka. Ka danna, shiru. Ka sake dannawa, shiru. Sai bayan daƙiƙa uku ko huɗu shafin ya farka kamar wanda aka yayyafa wa ruwa. Yawancin mutane netwok suke zargi, ko su ce wayar ce ta tsufa. Sau da yawa kuwa netwok ya riga ya sauke nauyinsa, ya kawo duk abin da aka aiko shi da shi. Wayar ce take can tana fama da tulin JavaScript, wato kod ɗin da ke sa shafi ya yi motsi ya amsa dannawa, wanda maginin shafin ya ɗora mata, kuma sai ta gama karanta shi ta aiwatar kafin ta saurari yatsanka.

Na fara da wannan ne saboda duk wanda ke bibiyar labaran ginin fuskar shafukan intanet ya san yadda kai ke ɗaukar zafi. Yau a ce React ya fito da sabon salo, gobe a ce Svelte ya sauya fasali, jibi a ce kowa ya koma Vite, dukansu kayan gina shafi ne da JavaScript. Mai koyo sai ya ga kamar ana gudun fanfalaki ne ba tare da an san inda aka nufa ba. Ni a ganina akwai zare guda da ya ɗinke yawancin labaran nan, wato tambayar wa zai ɗauki kayan. Aikin haɗa shafi dole wani ya yi shi, kuma masu iya yin sa uku ne: na'urar mai karatu, ko uwar garke, wato kwamfutar da shafin yake zaune a kanta, ko kayan aikin da magini ke sarrafa kod da su kafin ya saki shafin. Kusan shekara goma ana jibga wa na farkon. Yanzu ana ƙoƙarin sauke masa.

Sai an ɗan koma baya kafin a gane yadda aka yi kayan suka taru.

Brendan Eich ya ƙirƙiri JavaScript a kamfanin Netscape a 1995, cikin kwana goma ya haɗa samfurin farko. A lokacin JavaScript ɗan aike ne kawai: ya duba ko an cike fom daidai, ya sauya hoto idan linzami ya bi ta kansa. Uwar garke ce ke haɗa shafi gaba ɗaya ta aiko, burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, ta nuna. Gmail a 2004 da Google Maps a 2005 su suka nuna wa duniya cewa shafi zai iya ɗauko sabon bayani ba tare da an sake loda shi ba. John Resig ya fito da jQuery a 2006 don ya raba magina da ciwon kan bambancin burauzoji. A 2008 Chrome ya zo da injin V8 mai saurin aiwatar da JavaScript, a 2009 Ryan Dahl ya ɗauki injin ya gina Node.js, harshen ya fita daga cikin burauza. Daga nan tsare-tsaren gina shafi da JavaScript suka fara fitowa: AngularJS da Backbone suka bayyana a 2010, Facebook ya saki React a 2013, Evan You ya saki Vue a 2014.

Abin da wannan zamani ya haifar shi ne manhaja mai shafi ɗaya. Idan ka leƙa ainihin HTML ɗin, wato rubutun da ke zayyana ƙashin shafi, da uwar garke ta aiko a irin wannan shafi, za ka tarar da shi wayam: akwati guda babu komai a ciki, galibi an raɗa masa suna root ko app, sai layi ɗaya da ke cewa a ɗauko fayil ɗin JavaScript. Kanun labari, jerin kaya, maɓallai, duk a wayar mai karatu za a gina su. Ga manhaja irin ta zane ko ta lissafi, wadda mutum zai buɗe da safe ya wuni a ciki, wannan ciniki ne mai riba, domin jiran farko sau ɗaya ne. Matsalar ta zo ne da aka mayar da shi hanyar gina komai, har shafin jarida da mutum zai karanta sakin layi biyar ya fita.

Akwai abin da magina da yawa ba su lura da shi da wuri ba, kuma shi ne ƙashin bayan zancen. Kilobayit ɗin JavaScript da kilobayit ɗin hoto ba nauyinsu ɗaya ba. Hoto idan ya sauka, a warware shi a nuna, shi ke nan. JavaScript kuwa a matse yake zuwa, idan an kwance shi yakan ninka sau uku ko fiye, sannan a karanta shi, a fassara shi zuwa abin da injin ke ganewa, a aiwatar. Mafi yawan wannan aiki a kan layi guda yake gudana, layin da shi ne kuma ke amsa dannawa da gungurawa. Muddin yana cikin wani dogon aiki, duk abin da ka taɓa sai ya bi sahu. Magini yana gwaji a kwamfuta mai ƙarfi, komai na tafiya sumul. Mai karatu yana riƙe da waya mai matsakaicin ƙarfi wadda ta shekara huɗu a hannu. Wanda ya ɗaura kayan daban, wanda ya ɗauka daban, shi ya sa aka daɗe ba a ji kukan ba.

Maganin farko da aka kawo shi ne a haɗa shafin a uwar garke a aiko shi cikakke, sannan JavaScript ya biyo baya. Next.js, tsarin da aka gina a kan React, wanda ya fito a 2016, da wannan ya yi suna. An samu sauƙi ta fuskar gani, domin rubutu na fitowa da wuri, injunan bincike ma suna samun abin karantawa. Amma fa shafin da ya iso gangar jiki ce babu rai. Dole burauza ta sauke kod ɗin duka, ta sake bin shafin tubali bayan tubali, tana gano wane maɓalli ne ke da wane aiki tana ɗaura masa. Wannan mataki shi magina ke kira haidireshan, ni kuwa na fi ganin sa a matsayin hura rai. Shirun nan da na ambata a farko, tsakanin ganin maɓalli da amsawarsa, a nan yake faruwa. An yi aiki sau biyu ke nan, sau ɗaya a uwar garke, sau ɗaya a waya, kuma mai karatu ne ya biya na biyun.

Yawancin sababbin abubuwan da ake ta yayatawa amsoshi ne ga wannan matsala guda, kowa da inda ya ɓullo mata.

Astro, wanda sigarsa ta farko cikakkiya ta fito a 2022, ya ce a bar shafi ya zama HTML zalla, sai wuraren da ke buƙatar motsi kawai a hura musu rai. Su ake kira tsibirai. Ɗauki shafin labari: kanu, rubutu, hotuna, duk ba sa buƙatar JavaScript ko layi ɗaya. Akwatin bincike da wurin sharhi su ne tsibiran, kuma ana iya cewa kada a ɗauko kod ɗin wurin sharhi sai mai karatu ya gungura ya iso wurin. Wanda bai iso ba bai biya ba. Qwik, wanda Miško Hevery mahaliccin AngularJS yake cikin waɗanda suka gina shi, ya ce a daina maimaita aikin ma gaba ɗaya, uwar garke ta rubuta inda ta tsaya a cikin HTML ɗin, burauza ta ɗora daga nan idan an danna wani abu. Shi kuwa htmx cewa ya yi a koma gidan jiya: maɓalli ya tambayi uwar garke, ta aiko da guntun HTML, a liƙa shi a gurbinsa.

React, da yake shi ne babban yaya a fagen, amsarsa ta fi kowacce tayar da ƙura. A Disambar 2020 aka sanar da tubalan uwar garke, Next.js 13 ya fara kawo su hannun jama'a a Oktobar 2022, React 19 ya tabbatar da su a Disambar 2024. Ma'anarsu ita ce wasu tubalan shafi a uwar garke kaɗai suke aiki. Suna iya shiga rumbun bayanai kai tsaye, su haɗa abin da za a nuna, kod ɗinsu kuma ba ya taɓa sauka a wayar kowa. Idan tubali na buƙatar amsa dannawa, sai magini ya rubuta "use client" a saman fayil ɗin, shi ne za a aika wa burauza. A ce kana da laburare, wato tarin kod da wani ya riga ya rubuta, mai nauyi da ke mayar da rubutu zuwa HTML, a da sai kowane mai karatu ya sauke shi, yanzu yana can a uwar garke, sakamakon kawai ke tafiya.

Ina ganin alkiblar daidai ce, kuma ina faɗa da zuciya ɗaya. Amma ba zan ɓoye abin da ke damuna ba. An sauke wa waya kaya, an ɗora wa ƙwaƙwalwar magini. Yanzu a kowane fayil sai ka tambayi kanka, wannan a ina yake gudana? Me zan iya miƙawa daga wannan ɓangare zuwa wancan? Wannan bayanin sabo ne ko ajiyayye? Na taɓa kashe rabin wuni ina neman dalilin da ya sa wani jeri ya ƙi sabuntawa bayan na sauya bayanan da ke ƙarƙashinsa. Kod ɗina lafiya lau yake. Ashe tsarin ne ya ajiye tsohuwar amsa yana ta miƙo ta, bisa wata ƙa'ida da ban san na amince da ita ba. Sannan iyakar da ke tsakanin burauza da uwar garke ba iyakar wasa ba ce, ƙofar tsaro ce. A Disambar 2025 an bayyana wata ɓaraka a hanyar da tubalan uwar garke na React ke karɓar saƙo, wadda ke ba maharin da ko shiga bai yi ba damar gudanar da kod a uwar garken wani. An ba ta maki 10, ƙololuwar ma'aunin haɗari. An toshe ta da gaggawa, amma ta tuna wa kowa cewa mai ginin fuskar shafi yanzu yana riƙe da makullin cikin gida, ko ya shirya ko bai shirya ba.

Ɗaya gefen da ake rage wa waya aiki shi ne bayan shafin ya riga ya farka. Ka ɗauki kwandon sayayya mai nuna adadin kayan da ka zaɓa. Ka ƙara ɗaya, 2 ta koma 3. A tsarin React na asali, tubalin da ke riƙe da lambar zai sake gudana, 'ya'yansa ma haka, a zana sabon hoton shafi a ƙwaƙwalwa, a gwada shi da tsohon, a gano cewa lamba ɗaya ce ta sauya, sannan a gyara ta. Shekaru magina suna yayyafa useMemo da useCallback a kod don rage wannan ɓarna, wani lokaci a inda ya dace, wani lokaci don tsoro kawai. Sigina hanya ce ta daban. Ita lambar ta san duk wanda ya dogara da ita, idan ta sauya sai ta taɓa su kai tsaye, ba ruwanta da sauran shafin. Tunanin ba sabo ba ne, Knockout na yin makamancinsa tun 2010, Vue ma a kansa ya ginu. SolidJS na Ryan Carniato ne ya dawo da shi bakin mutane, Angular ya karɓe shi a siga ta 16 a 2023, Svelte 5 ya sake gina cikinsa a kansa a 2024, har an gabatar da shawarar shigar da shi cikin harshen kansa a gaban kwamitin TC39 mai tsara ƙa'idojin JavaScript. React bai bi wannan hanya ba. Ya fito da nasa mai sarrafa kod, wanda ya kai siga ta 1.0 a Oktobar 2025, shi ke duba kod ɗinka tun wajen gini ya sa waɗancan matakan rage aiki da kansa. Hanya biyu, masauki ɗaya.

Na uku cikin masu ɗaukar kaya, wato kayan aikin gini, labarinsa gajere ne kuma mai daɗi. An gaji da jiran webpack, kayan aikin da ke haɗa fayilolin kod su zama dami ɗaya, sai aka koma rubuta kayan aikin da harsunan da suka fi sauri: esbuild da Go, SWC da Turbopack da Rust, Bun da Zig a farkon fitowarsa. Vite, wanda Evan You ya fara a 2020, ya zama wurin da tsare-tsare da dama suka haɗu, har ƙungiyar React ta yi ritayar Create React App, nata kayan fara sabon aiki, a Fabrairun 2025. A Maris ɗin shekarar Microsoft ta sanar da mayar da injin TypeScript, harshen da aka gina a kan JavaScript, zuwa Go, tana cewa saurin zai ninka kusan sau goma. Duk wannan alheri ne, sai dai a riƙa bambancewa. Saurin gini daɗin magini ne. Idan damin da ya fito a ƙarshe nauyinsa bai ragu ba, mai karatu bai san an yi ba.

Akwai wani labari da ba ya samun kanun da ya cancanta, kuma ni shi ya fi faranta mini rai. Burauza da kanta ta girma. Tun da Microsoft ta yi sallama da Internet Explorer 11 a Yunin 2022, uzurin ɗaukar tsofaffin faci ya ragu sosai. Akwatin da ke buɗewa a tsakiyar shafi, wanda a da sai an sauke laburare an yi ta kokawa da inda madannai za su tsaya, yanzu akwai dialog a cikin HTML. CSS, harshen da ake yi wa shafi ado da shi, ya samu :has() da ke duba abin da ke cikin akwati ya yi wa akwatin ado, ya samu hanyar auna faɗin mazaunin tubali maimakon faɗin allo duka, kuma zuwa ƙarshen 2023 manyan burauzoji duk sun karɓe su. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan kod ne da ba sai an aika ba. Shafin gwamnatin Birtaniya, GOV.UK, ya cire jQuery a 2022, kimanin kilobayit 30 kacal, kuma da suka auna sun ga bambancin ya fi fitowa a wurin masu raunin na'ura da raunin netwok. Abin da ya burge ni a nan ba girman abin da aka cire ba ne, a'a, tunanin waɗanda aka cire dominsu.

Rage kod na da wata fa'ida da ba ta shafi sauri ba. Duk fakitin da ka ɗauko daga npm, rumbun da magina ke ɗauko kod ɗin da wasu suka rubuta, yana zuwa da nasa 'yan rakiya, su ma da nasu, har ka ga ƙaramin aiki ya tara ɗaruruwan fakitoci da ba ka taɓa buɗe ko ɗaya ba. A Maris 2016 an cire left-pad, kod mai layi 11, daga npm, gine-gine da dama a duniya suka tsaya cak. A Satumbar 2025 an yaudari mai kula da fakitocin chalk da debug da saƙon bogi, aka saki sigogi masu guba na fakitocin da ake saukewa sama da sau biliyan biyu a mako idan an haɗa su. An gano cikin sa'o'i, amma ba kullum ake kwana a gado ba. Kowane fakiti amana ce ka ba wanda ba ka sani ba.

To mai koyo fa, ko maginin da ke da aiki a hannu, me zai yi da duk wannan? Abin da nake yi idan na ga sabon labari shi ne in tambaya: wannan abu daga kan wa ya sauke kaya, kuma kan wa ya ɗora? Sannan in auna. Google ya fitar da ma'aunai tun 2020, kuma a Maris 2024 ya shigar da INP, wanda ke auna lokacin da shafi ke ɗauka kafin ya nuna ya ji dannawarka. Milisakan 200 ko ƙasa da haka shi ne lafiya, babban abin da ke shafin kuma ya bayyana cikin daƙiƙa 2.5. A kayan binciken Chrome akwai wurin da za ka rage ƙarfin kwamfutarka sau huɗu ko shida, ka rage saurin netwok, ka ga shafinka yadda wasu ke ganin sa. Ranar da na fara yin haka ga wani shafi da nake alfahari da shi, jikina ya yi sanyi. Ina kallon farin allo ina ƙirga daƙiƙu, na kai bakwai kafin kalma ɗaya ta fito.

Ba na cewa kowa ya rushe abin da ya gina. Manhajar da ke aiki, masu amfani da ita ba sa kuka, sake rubuta ta don kawai an yi sabon yayi asarar lokaci ce, kuma waɗanda suka bi AngularJS har aka daina tallafa masa a ƙarshen 2021 sun san cewa ƙaura ma tana da ranarta, ba sai an gayyato ta ba. React zai daɗe, ayyukan yi suna wurinsa, kuma manhajojin ƙirƙirarriyar basira da ke taya rubuta kod sukan miƙo shi tun kafin a tambaya, saboda shi suka fi gani. Wannan ma wani abin lura ne, domin kod ɗin da aka samu a sauƙaƙe ba a cika tsayawa auna nauyinsa ba. Ka ce a gina maka shafin da ke nuna jadawali da lambar waya, sai a kawo maka cikakkiyar manhaja da fakiti talatin, alhali HTML da ɗan CSS sun wadatar.

Shafin nan nawa mai daƙiƙa bakwai, ban sauya masa tsari ba. Na buɗe taswirar damin na duba abin da ke ciki. Na tarar da laburaren kwanan wata da na ɗauko don layi biyu, alhali burauza na da Intl da ke yin aikin. Na tarar da tarin gumaka sama da dubu, ni kuwa guda tara nake amfani da su. Na tarar da kod ɗin zana jadawalin ƙididdiga yana sauka a shafin farko, shi kuwa jadawalin yana can shafi na uku. Na cire biyun farko, na ukun na ce kada ya zo sai an neme shi. Da na sake ƙirgawa, ban kai uku ba rubutu ya fito, na danna maɓalli ya amsa.